Ku Tambaya Mu Amsa: Wane Ne Bloom, Kuma Me Ya Haɗa Shi Da Ajina?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Tun da aka koma makaranta a watan Oktoba saƙonnin malamai suka rinjayi na kowa, kuma da yawansu magana ɗaya suke kewayawa, wato yadda ake rubuta manufar darasi da matakan tunani da konseye, wato mai ba malamai shawara kan koyarwa, da masu duba makarantu ke yawan tambaya a kai. To na zaɓo guda biyar, na ɗan taƙaita wasu saboda wuri, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

Tambaya daga wani malamin CM1 (aji biyar na firamare), unguwar Garin Malam

Salam Baba Malam dan Allah a taimaka min. Ni malamin kwantaragi ne, ban daɗe da fara koyarwa ba. Ran Talata konseye ya shigo ajina ya zauna can baya har na gama darasin lissafi, yara sun amsa duk tambayoyina wlh ba wanda ya kuskure ni har ina jin daɗi a raina, da muka fito sai ya karɓi takardar shirin darasina ya duba ya ce manufofina duk a mataki ɗaya suke, na ƙasa, wai in je in karanta Bloom. Kunya ta hana ni in ce mishi ban gane ba. Mene ne Bloom ɗin nan, kuma in yara sun amsa daidai to ina laifina?

Amsa

Wa alaikumus salam ɗana. Ba ka yi laifi ba, shi ma konseye bai zalunce ka ba, sai dai da ka daure ka tambaye shi nan take don aikinsa kenan, kuma matambayi ba ya ɓata.

Bloom sunan mutum ne, Benjamin Bloom, Ba'amurke malamin jami'ar Shikago, an haife shi a 1913 ya rasu a 1999. Shi da wasu abokan aikinsa masu shirya jarrabawa a jami'o'in Amurka suka lura da wata matsala, kowane malami cewa yake yana so ɗalibi ya fahimci darasi, amma in ka duba tambayoyin da suke yi sai ka tarar abin da wannan ke nufi da fahimta daban, na wancan daban, har ba su iya musayar tambayoyi tsakaninsu. Tun 1948 a wani taro a birnin Boston suka soma maganar, suka yi ta zama shekara da shekaru, sai a 1956 littafin ya fito, ya jera aikin da ƙwaƙwalwa ke yi hawa shida, daga mai sauƙi zuwa mai sarƙaƙiya. A 2001 wani tsohon ɗalibinsa Lorin Anderson da David Krathwohl, wanda da ma yana cikin na farkon, suka yi mishi kwaskwarima, kuma wannan sabon shi zan bi da kai. Hawan su ne tunawa, fahimta, aiki da abin da aka koya, warwarewa, aunawa da yanke hukunci, sai ƙirƙira.

Jera sunaye haka ba zai amfane ka ba, bari mu shiga ajinka. A ce darasin girman fili kake yi, fili mai tsawo da faɗi, rektangal kenan. Ka ce wa yara yaya ake samun girman fili, suka ɗauka baki ɗaya tsawo sau faɗi, ka ce madalla. Wannan tunawa ce, yaro ya ajiye abu ya dawo maka da shi yadda ka ba shi. Ka rubuta a allo tsawo 4 faɗi 3 suka ce 12, ka sake tsawo 5 faɗi 2 suka ce 10, kai a ganinka an yi aiki, to amma in irin misalin da ka gama yi musu yanzun nan ne ka sauya lamba kawai, bai yi nisa da tunawa ba. Ina kyautata zaton abin da konseye ya gani kenan.

Yanzu fitar da su tsakar makaranta, ka sa yaro ya zana fili a ƙasa da kara, taku huɗu a tsaye taku uku a kwance, ya yanka shi gida-gida, ka ce to gaya min don me muke ninkawa ba tarawa muke ba. Wanda ya duba ya ce Malam ai layi uku ne kuma kowane layi gida huɗu ne a ciki, wannan ya fahimta, ko da da Hausa ya faɗa, ko da bai faɗa da kalmomin da ke cikin kayensa, wato littafin rubutunsa, ba, kai in ma da nasa kalmomin ya faɗa ya fi. Sannan ka miƙa musu igiya mai tsawon mita ɗaya ka ce ku auno mini ɗakin ajin nan ku gaya min tabarma nawa za ta rufe shi in kowace tabarma mita 2 ce da mita 1. Ba ka ce musu su yi amfani da tsawo sau faɗi ba fa, su za su gane cewa nan ne wurinsa, to ga aiki da ilimi nan.

Daga nan abin ke daɗi. Zana musu gonaki biyu, ɗaya 10 da 10, ɗaya 15 da 5, ka ce su lissafa shingen kowace, za su samu mita 40 duka biyun. Ka tambaya to girmansu ɗaya kenan? Aji zai ce eh, kusan kullum haka suke cewa. Bar su su lissafa da kansu, ɗaya 100 ɗaya 75, za ka ga wasu sun ɗago kai suna kallonka wasu sun koma suna sake lissafi don ba su yarda ba. Ka ce me ya kawo haka, mene ne bambancin kewaye da girma, wane ne ya sauya wane ne bai sauya ba. Wannan ita ce warwarewa, yaro ya kwance abu gunduwa-gunduwa ya ga yadda sassan ke riƙe da juna. Hawa na biyar kuma ka kawo musu maganar mutum biyu, wani ya ce in ka ninka tsawo biyu ka ninka faɗi biyu to fili ya ninka biyu, wani ya ce a'a, wa ke da gaskiya kuma da wace hujja? Wanda ya gwada 4 da 3 ya samu 12, ya gwada 8 da 6 ya samu 48, ya ce na farkon ya yi kuskure don ninki huɗu ne, ya auna ya yanke hukunci kenan kuma da hujja a hannu, ba don abokinsa ya faɗa ba.

Na ƙarshe, ka ce darakta ya ba mu waya mita 24 mu kewaye lambun makaranta, kowane rukuni ya zano mana lambun da zai fi cin shuka. Wasu za su kawo 10 da 2, wasu 8 da 4, wasu su kai ga 6 da 6 su samu 36. In Allah ya sa akwai mai wayo cikinsu zai ce Malam mu jingina da katangar makaranta mana, waya ta rufe gefe uku kawai, 6 da 12 da 6, lambu ya zama 72. Wallahi duk ranar da yaro ya kawo maka irin wannan da kansa ba ka manta ta.

Ba ana nufin kowane darasi na minti talatin ko arba'in sai ka taka hawa shidan nan duka ba, ba zai yiwu ba kuma ba wanda ya ce haka. Abin da na lissafa maka aikin mako guda ne ko fiye. Amma ka ɗauko takardun shirinka na wata ɗaya ka duba, in duk a faɗi da ambaci da maimaita suka tsaya, to gyara ya kama ka.

Tambaya daga wata malama, Karkada

Baba barka da aiki. An turo mana wani jadawali a gurup ɗinmu na WhatsApp, kowane mataki an jera kalmomin aikatau da ake fara manufa da su, misali lissafa da ambata na ƙasa ne, kwatanta da bayyana dalili na sama ne. Ni dai yanzu in zan rubuta manufa sai in ɗauko kalma daga na sama in sa, kuma tun da na fara haka ba a sake yi min gyara ba. Shi kenan na iya ko akwai saura?

Amsa

Akwai saura ƴata, kuma sauran shi ne ainihin maganar. Jadawalin nan yana da amfani ban hana ki riƙe shi ba. Asalin dagewa kan kalmar aikatau ma yana da dalili mai kyau, wani masani Robert Mager tun 1962 ya yi ta nanata cewa manufa ta faɗi abin da ɗalibi zai yi wanda ido zai gani ko kunne ya ji, da yanayin da zai yi shi, da ma'aunin da za a ce ya iya. Shi ya sa ake hana mu rubuta ɗalibi zai san kaza, don sani a cikin kai yake ba ki ganinsa, amma in kin ce zai zana ko zai ware ko zai lissafa, wannan kina iya dubawa.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ɗauki darasin tarihi. Kin rubuta a takarda, ɗalibi zai bayyana dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka mayar Yamai a 1926. Duk wanda ya karanta zai ce wannan manufa ta sama ce. Amma in jiya kin rubuta dalilan a allo, ƙarancin ruwa a Damagaram, kusancinta da iyakar Najeriya da ke hannun Ingilishi, Yamai kuma tana bakin kogi, yara suka kwafe a kaye suka haddace da dare a hasken cocila, yau kika tambaya suka zubo miki su ɗaya biyu uku, me ƙwaƙwalwarsu ta yi? Tunawa ta yi, ba ƙari. Kalmar tana sama, aikin yana ƙasa.

Yanzu juya shi. Kada ki ba su dalilan. Ki rataya taswirar Nijar, ki nuna musu inda kogin Kwara ya ratsa, inda Damagaram take, inda iyaka take, ki tambaye su a gidajenku da rani ina ake samo ruwa kuma nawa ɗan garuwa ke sayar da jarka, wannan kam ba yaron garin nan namu Damagaram da bai da abin faɗi a kai. Sannan ki ce to ku lissafa mini abubuwan da kuke ganin za su sa mai mulki ya bar nan ya koma can. Kin ga kalmar lissafa ce, wadda jadawali ya ajiye a ƙasa, amma yaro sai ya haɗa taswira da abin da ya sani ya fitar da dalili da kansa, aikin ya hau sama.

Don haka ma'aunin da nake ba malamai kullum shi ne, kafin ki yanke matakin wata tambaya ki tambayi kanki, amsar nan na taɓa ba su ita ko tana cikin kayensu? In eh, tunawa ce komai kyan kalmar da kika sa. In a'a, sai ki duba wane aiki za su yi kafin su kai gare ta. Tambaya ɗaya tak tana iya zama warwarewa ga ajin da bai taɓa jin ta ba, ta zama tunawa ga ajin da aka yi wa bita a kanta jiya. Shi ya sa mai duba takarda kawai ba zai iya sanin gaskiyar ajinki ba, ke kika sani. Rashin gyara daga konseye abin farin ciki ne, amma ni na fi so ki samu duka biyun, takarda ta yi kyau kuma abin da ke cikinta ya faru a kan yaran.

Tambaya daga wani magidanci, Birni

Malam ina gaisuwa. Ni ba malamin boko ba ne, makarantar allo na yi kuma ina da ɗalibai a zaure. Ɗana da ke koyon aikin malanta ya zo yana ce min wai yanzu an gano hadda ita ce mafi ƙasƙancin ilimi, har ya nuna min wani zane mai kamar dala a wayarsa, hadda tana can ƙasa. Abin ya tsaya min a rai. Mu da hadda muka tashi kuma da ita muka ga malamanmu. Haka Turawan suka ce da gaske?

Amsa

Allah gafarta Malam, ina amsawa, Allah ya ƙara wa zaure albarka. Ɗanka ya ga zane amma bai kai ga maganar ba tukuna. Wannan dalar da ke yawo a wayoyi ba ta ma cikin littafin 1956, daga baya mutane suka zana ta don sauƙin koyarwa, kuma ta jawo rashin fahimta mai yawa, don duk wanda ya kalle ta sai ya ɗauka na ƙasa abin raini ne na sama abin yabo. Masu littafin ba su ce a bar sani da tunawa ba, a wurinsu shi ne abin da sauran hawan ke tsayawa a kai. Ka ce yaro ya yi tunani mai zurfi a kan abin da bai sani ba kamar ka ce wa mace ta tuƙa tuwo ne ba ka ba ta gari ba. Yaron da bai haddace jadawalin ninkawa ba, in ya zo lissafin lambun da na ba da misali a sama, ƙarfinsa duk zai ƙare wajen ƙirga 6 sau 6 da yatsu, ba sauran wuri a kansa na tunanin katanga.

Kuma Malam kai ka fi ni sanin cewa karatun zaure bai taɓa tsayawa a hadda ba. Yaro ya yi babbaƙu ya yi farfaru, ya haddace, ya sauke, sannan ya zauna gaban malami a buɗe littafi, malami na karantawa yana fassarawa jimla-jimla, nan ake neman fahimta. In an zo babin rabon gado ba a barin ɗalibi da haddar kason kowa, sai an ce mishi ga mamaci ya bar mata da uwa da ƴaƴa kaza, raba mu gani, wannan aiki da ilimi ne tsantsa. In ya yi nisa ya fara duba maganganun malamai biyu a kan mas'ala ɗaya yana auna hujjar kowa, ai hawa na biyar kenan. Tsarin ya daɗe a garin nan tun kafin a haifi Bloom, sunaye ne kawai da jadawali ba a yi mishi ba.

Inda ɗanka ke da gaskiya, kuma ina so ka ba shi ita, shi ne a makarantunmu na boko sau da yawa yaro na haddace taƙaitaccen darasi da Faransanci, ya tashi ya rera shi tas, ka ce mishi me wannan jimlar ke nufi ya yi shiru. Haka zai tafi daga CE1 har CM2, wato daga aji uku har aji shida na firamare. Wannan ita ce cutar da ake yaƙi da ita, hadda da aka bari ita kaɗai ba a ɗora komai a kanta ba. Ku zauna da shi ka nuna mishi yadda kake koyar da rabon gado, ina ganin zai ƙaru da kai fiye da zanen wayar.

Tambaya daga wata malamar CP (aji biyu na firamare), wajen Mirya

Slm Baba. Gsky duk wannan bayani muna jinsa a taron CAPED na ƙara wa juna sani tsakanin malamai amma ni yara sun fi tamanin a ajina, rumfar kara ce, a tabarma suke zaune, littafi bai isa ba, kuma Faransancin ma yanzu suke jinsa a bakina. Yaron da bai iya haɗa jimla ba ta yaya zan ce ya auna ya yanke hukunci? Ni ina ganin wannan abu na makarantun kuɗi ne da manyan aji, ko na yi kuskure?

Amsa

Ƴata Allah ya saka miki da alheri, wanda bai taɓa tsayawa gaban yara tamanin a rumfa iska na kaɗa ƙura ba bai san abin da kike ɗauke da shi ba. Amma a nan kam ban yarda da ke ba, kuma zan gaya miki dalili.

Abu biyu kika haɗa wuri ɗaya, wuyar harshe da zurfin tunani. Yaron CP da ba ya iya jimla da Faransanci, shi ne fa jiya da yamma ya yi gardama da wansa a kan wa ya ci wasan langa, ya kawo hujja ya kawo shaida, shi ne ya ƙera mota da karan dawa da gwangwani har da ƙafafu masu juyawa. Aunawa da ƙirƙira yana yin su kullum, da Hausa yake yi. Harshen ne bai iso ba, kan yana nan. Kuma ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, makarantar gwaji ta farko mai fara karatu da harshen gida nan Damagaram aka buɗe ta a 1973, da Hausa. In makarantarku ba ta cikin masu harshe biyu, duk da haka ba abin da zai hana ki bar yaro ya yi tunaninsa da Hausa na ɗan lokaci sannan ki ba shi kalmar Faransanci ya liƙa a kan abin da ya riga ya gane.

Ga abin da za ki gwada gobe ba tare da kin kashe ko dala ba. Ki ce kowa ya zo da ƴan ƙwayoyi daga gida, gero, dawa, wake, gyaɗa, ƙwallon magarya, ƴan tsakuwa. Ki zaunar da su biyar-biyar a tabarma, su zube a tsakiya, ki ce ku raba su gida biyu yadda kuka ga dama amma sai kun gaya min dalili. Wani rukuni zai raba manya da ƙanana, wani zai raba farare da masu duhu, wani zai ce waɗannan ana ci waɗannan ba a ci, sai ki ɗaga ƙwallon magarya ki ce to wannan fa ina za shi, ki ga yadda gardama za ta tashi, wani ya ce ana ci wani ya ce a'a bayan ake ci a yar da ƙwallon. Wannan gardamar ita ake nema. Haka in kin yi musu tatsuniyar Gizo, bayan kin tambayi wa ya je ina, wa ya ce me, ƙara ɗaya, abin da Gizo ya yi daidai ne ko ba daidai ba, don me? Sannan wa zai sauya mana ƙarshen labarin?

Batun yawa kuma, ardwaz, ƙaramin allon hannun nan na yara, ita ce abokiyar aikinki. Kin san tsarin nan da aka koya mana na La Martiniyer, ki yi tambaya, kowa ya rubuta, ki buga tebur a ɗaga. Yawancinmu a lissafin ka kawai muke amfani da shi, alhali kina iya cewa wanda ya yarda ya zana da'ira wanda bai yarda ba ya ja layi, su ɗaga, da kallo ɗaya kin ga ra'ayin tamanin, sai ki zaɓi ɗaya daga kowane ɓangare ya kare nasa.

Sai abu na ƙarshe wanda ya fi duka araha kuma ya fi duka wuya, shiru. Wata masaniya Ba'amurkiya Mary Budd Rowe ta yi nazarin azuzuwa a farkon shekarun 1970 ta gano malamai kusan daƙiƙa ɗaya kawai suke jira bayan sun yi tambaya, kuma in aka tsawaita jiran ya kai daƙiƙa uku ko fiye amsoshin yara na ƙara tsawo, waɗanda ba su saba magana ba ma su fara. Tambayar tunawa ana amsa ta nan take, amma tambayar don me tana son lokaci. Ki yi tambaya, ki hana ɗaga hannu da Madam ni Madam ni ɗin nan, ki ƙirga biyar a zuci, ki ce kowa ya gaya wa na kusa da shi, sannan ki kira wadda ke can ƙarshen tabarma da ba ta taɓa buɗe baki ba.

Tambaya daga wani malamin CEG (koleji, ƙaramar sakandare), Sabon Gari

Malam ni tarihi da labarin ƙasa nake koyarwa. In zan shirya jarrabawar aji, cikin maki 20 nawa ya kamata in ba kowane mataki? Kuma na ji ana cewa tsarin 1956 da na 2001 ba ɗaya ba ne, wanne zan bi?

Amsa

Malam sannu da ƙoƙari. Bambancin ba mai yawa ba ne a wurin aikinka. Na 1956 sunaye ya yi amfani da su, sani, fahimta, aiki, warwarewa, harhaɗawa, sai aunawa a can sama. Na 2001 ya mayar da su aikatau, ya sauko da aunawa hawa na biyar ya ɗora ƙirƙira a na shida, sannan ya ware irin ilimin da ake aikin a kansa gida huɗu, sanin bayanai, sanin ma'anoni da dangantakarsu, sanin hanyar yin abu, da sanin mutum yadda shi kansa yake koyo. Bi wanda hukumar makarantarku ke bi. Ka dai sani duka biyun fannin tunani kawai suka shafa, fannin ɗabi'a da zuciya littafinsa daban ne ya fito a 1964, na aikin hannu kuma wasu masana ne suka tsara daga baya.

Rabon maki ba shi da wata ƙa'ida da aka saukar, duk wanda ya ba ka lamba ra'ayinsa ya ba ka. Nawa ra'ayin, a aji na farko na koleji kana iya ba tunawa da fahimta kamar 12, sauran 8 ka raba tsakanin aiki da taswira ko wani ɗan rubutu da ba su taɓa gani ba da tambaya ɗaya ta ra'ayi da hujja, in sun kusa BEPC, jarrabawar gama koleji, ka ƙara wa na biyun nauyi. Kafin ka rubuta tambaya ko ɗaya ja layuka a takarda, darussa a tsaye matakai a kwance, ka sa maki a kowane gida, nan take za ka ga in duk sun taru a gefe ɗaya.

Sharaɗi ɗaya ne ba na sassautawa a kai, kada ka jarraba yara a hawan da ba ka taɓa kai su ba a aji. In wata uku kana yi musu shifta suna kwafa, ranar jarrabawa ka ce su kwatanta mulkin Sarki Tanimun da halin da Damagaram ta shiga bayan zuwan Faransawa a 1899 su faɗi ra'ayinsu, za su zube, kuma alhakin ba nasu ba ne. Ka fara yin irin tambayar da su a allo sau biyu sau uku, ka nuna musu yadda ake kafa hujja da yadda ake rubuta ta, ka sa su gwada biyu-biyu ka gyara, sannan ta shigo jarrabawa da wani misali daban. Kuma ka rubuta wa kanka tun kafin ka fara gyaran takardu abin da zai ci maki a tambayar ra'ayi, misali maki 1 na matsayin da ya ɗauka, 2 na hujjojin tarihi, 1 na tsarin magana, don kada yaron da ya saɓa maka da hujja mai kyau ya rasa makinsa.